Darasi na Tara: Batirin Motar Lantarki, Tsawon Ransa da Kula da Shi

Duk mai wayar hannu ya riga ya san rabin wannan darasi. Sabuwar waya takan kwana biyu ba a yi mata caji ba. Bayan shekara biyu ko uku, kafin la'asar ta fara neman wuta. Batirin motar lantarki ɗan gidan su batirin waya ne, duka da sinadarin litiyam ake yin su. Girma ne ya raba su. Na mota shimfiɗe yake a ƙarƙashin kujeru, daga gaba har baya. Nauyinsa yakan kai kilo 300 zuwa 500, wato buhun siminti shida zuwa goma. A cikinsa akwai ƙananan batura ɗaruruwa, a wasu motocin ma dubbai, an jona su wuri guda. Babu abin da ya kai shi tsada a jikin motar.

Waɗannan motoci sun fara shigowa ƙasarmu. A 2020 aka nuna Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Legas. A 2021 aka buɗe wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri akwai ƙananan bas na lantarki da ke ɗaukar fasinja. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, direbobi da yawa sun fara tambaya a kansu.

Shekara nawa batirin yake yi?

Batirin mota ba ya mutuwa dare ɗaya. Raguwa yake yi a hankali, kamar rijiyar da ƙasa ke cike ta. Ruwa na nan, amma bai kai na da ba. Motar da take cin kilomita 300 da caji ɗaya tana sabuwa, in ƙarfin batirinta ya dawo kashi 80 cikin 100, kilomita 240 za ta yi. In ya dawo kashi 70, sai 210. Daga Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne. Ka ga ke nan motar da a da take kai ka Kaduna har da rarar wuta, in batirin ya dawo kashi 70 sai ta tsaya caji a hanya. Amma zirga-zirgar cikin gari ba za ta gagare ta ba.

Yawancin kamfanoni suna ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, duk wanda ya riga cika. Alkawarinsu shi ne, in batirin ya yi ƙasa da kashi 70 a cikin wannan lokaci, za su gyara ko su canza. Garanti ba shi ne ajalin batiri ba, da yawa suna wuce shekarun nan suna aiki. In tokumbo za ka saya, ka fara tambaya ko garantin ya biyo motar zuwa nan.

Zafi

A nan ne ya kamata mu fi kasa kunne. A ƙarshen 2010 kamfanin Nissan ya fitar da mota mai suna Leaf. Batirinta ba shi da ruwan sanyaya, iska ce kawai take ɗauke masa zafi. A ƙasashen sanyi motar ta yi ƙarko. Amma a 2012 masu ita a birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka suka fara kuka. Motoci ba su shekara biyu ba, batirinsu ya ragu ƙwarai. Garin hamada ne, zafinsa na bazara ya wuce maki 40 a ma'aunin Salshiyas. Wanda ya taɓa yin watan Afirilu a Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram ya san irin wannan rana.

Dalilin shi ne, zafi yana gaggauta aikin sinadaran da ke ciki. Wani ɓangare na litiyam yana maƙalewa, ya daina ɗaukar wuta, kuma ba ya dawowa. Ko motar tana tsaye wannan ɓarna tana gudana. Saboda haka inuwa ba ƙawa ba ce. Rumfar kwano, gindin darbejiya, ko zauren gida, duk sun fi filin Allah. Caji da dare ko da sassafe ya fi na tsakar rana. In ka dawo daga doguwar tafiya, bar motar ta huce kafin ka jona ta. Yawancin motocin yanzu suna da ruwan sanyaya batiri. A ganina, a ƙasarmu wannan ita ce tambayar da za a fara yi wa dillali, tun kafin a tambayi kuɗi.

Cikawa da ƙarewa

Batirin litiyam ba ya son ƙoshi fiye da kima, ba ya son yunwa. Ya fi samun sauƙi tsakanin kashi 20 da kashi 80. Motoci da yawa suna da wurin da za ka saita cajin ya tsaya da kansa a 80.

A aji wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mu da wutar NEPA ba ta da tabbas fa? In an kawo, ai cikawa za mu yi, don ba mu san ranar dawowarta ba."

Malam ya ce, "Baba, gaskiyarka. Cikawa ba laifi ba ne in da safe za a hau hanya. Abin da ke tsufar da shi, a cika shi fal a bar shi kwanaki a rana. Haka kuma a bar shi a sifili. In za ka yi tafiyar wata guda ba da motar ba, ka bar ta a wajen rabi."

Akwai wani nau'in batiri da ake rubuta wa LFP. Ana samunsa a motocin BYD na ƙasar Sin da wasu na Tesla. Shi ya fi jure cikawa, har ma akan so a riƙa kai shi 100 jefi-jefi don ma'aunin cajin ya daidaita. Littafin motar zai gaya maka irin naka. In da Turanci yake, a sa yaro ya karanta maka.

Caji mai sauri, wanda ke cika mota cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, yana ɗumama batiri. A yi shi a kan hanya, kada a mai da shi na kullum. Cajin gida yana ɗaukar dare guda, kuma shi ya fi lafiya. Mai aikin wuta ne zai ja masa layinsa na kansa. Doguwar wayar jona rediyo ba za ta ɗauka ba, narkewa za ta yi.

Abin da ba a taɓawa

Duk wayar da ka gani mai ruwan lemo a cikin motar, kada ka taɓa. Ƙarfin wutarta yakan kai bolt 400, ta gida kuwa 230 ce. Ko bakaniken da ya ƙware a injin fetur, in bai koyi wannan aiki ba, kada ya buɗe. Da damina a guji shiga ruwa mai zurfi. In ƙasan motar ya daki dutse ko tudun rage gudu da ƙarfi, a kai a duba ko da tana tafiya lafiya. In aka ji ƙauri ko aka ga hayaƙi daga ƙasa, kowa ya fita ya yi nisa, a kira 'yan kwana-kwana. Bokitin ruwa ba ya kashe wutar wannan batiri.

Wani abin da ke ruɗa mutane: motar tana da ƙaramin batiri mai bolt 12, irin na kowace mota. In shi ya mutu, motar ba za ta tashi ba ko da babban a cike yake. A fara duba shi kafin a ɗaga hankali.

Mai sayen tsohuwar mota ya sa a auna masa lafiyar batirin da na'ura. A Leaf akwai layuka 12 a gaban direba da ke nuna ƙarfin da ya rage, ana iya ƙirga su da ido. Batirin da ya gaza a mota kuma ba shara ba ne. Ana mai da shi ma'ajin wutar sola. Kada a fasa shi, kada a ba 'yan gwangwan.

Aikin aji

Karanta waɗannan kalmomi, sannan ka rubuta su: batiri, caji, garanti, inuwa, zafi, litiyam.

1. Mota tana yin kilomita 400 tana sabuwa. Ƙarfin batirinta ya dawo kashi 75. Kilomita nawa za ta yi yanzu?
2. Me ya sami motocin Leaf a Arizona, kuma mene ne dalili?
3. Hajiya za ta tafi aikin Hajji ta bar motarta a gida. A ina za ta ajiye ta, kuma da caji kashi nawa?