Yadda nake saƙa hular jariri da kwarashi

Masu ta tambayata hulunan nan da nake kai wa ƙawaye ranar suna, wallahi tun rasuwar ƙanwata, Allah ya jiƙanta, saƙar ce ke ɗebe min kewa, to ga shi tun hunturu bai kama mu a Damagaram ba.

1. Ki sayo zaren ulu mai laushi a kasuwar Dole, banda mai kaushin nan.
2. Ki yi sarƙa 4.
3. Ki haɗe ta zobe.
4. Ki zuba ido 12 cikin zoben (ido shi ne kowane ɗauri guda na saƙar).
5. Zagaye na biyu kowane ido ki sa biyu, 24 kenan.

Hattara nan, in tunani ya taso hannu matsewa yake, hular ta ƙanƙance. Gara ki aje ki yi wa ƙanwata addu'a tukun.

6. Ki riƙa ƙara ido 12 duk zagaye har faɗi ya kai santimita 10.
7. Ki ci gaba ba ƙari har tsawo ya kai santimita 13.
8. Ki yanke zaren.
9. Ki cusa bakinsa ta ciki.