Yadda za ka je kallon shallal a dazukan Baha ka dawo gida lafiya

Jama'a tun da na dawo daga Baha mutane ke ta tambayata wai da gaske a Saudiyyar nan ne na ɗauki hotunan nan na ruwa yana zubowa daga kan dutse, har wani yayana da ya shekara 20 a Jidda ya ce shi bai yarda ba sai ya gani da idonsa. To wallahi a nan ne. Da yawanmu daga Jidda sai Makka sai Madina, in an yi nisa a leƙa Ɗa'ifa, alhali kudu da Ɗa'ifa kaɗan akwai duwatsu da daji da sanyi da hazo da ba za ka ce ƙasa ɗaya kake da zafin Jidda ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda ake tafiyar, don duk mai niyya ya je da shiri.

Abu na farko da nake so ya zauna maka a kai, ƙasar nan ba ta da kogi ko ɗaya mai gudu shekara da shekara. Kar ka je da tunanin Gurara ko Matsirga inda ko yaushe ka je za ka tarar da ruwa ko da kaɗan ne. A nan yawancin shallal ɗin (haka Larabawa ke ce wa ruwan da ke zubowa daga kan dutse) na ruwan sama ne, an yi ruwa ya zubo, an kwana biyu ba a yi ba ya koma ɗigo ko ya ƙafe gaba ɗaya ka tarar da baƙin tabo kawai a jikin dutse. Saboda haka lokacin tafiya shi ne rabin tafiyar. Ruwa ya fi sauka a duwatsun Sarawat, inda Baha take, wajen Maris zuwa Mayu, sannan kuma wajen Agusta. Ni abin da nake yi, ina bibiyar sanarwar hukumar hasashen yanayi a waya, in na ga an yi ruwa mai ƙarfi a Baha ranar Laraba ko Alhamis kuma sun ce Juma'a da Asabar gari zai washe, shikenan mun kama hanya. Kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa ake zuwa, ba ranar ruwan ba.

Hanya biyu ce daga Jidda. Ko ka hau ta hanyar dutsen Hada zuwa Ɗa'ifa ka miƙe kudu, daga Ɗa'ifa zuwa Baha wajen kilomita 220 ne, ko ka bi ta bakin teku ta Lis da Muzailif zuwa Makhwa sannan ka haura dutse. Ko ta ina ka bi ka ware awa 5 har da tsaye-tsaye. Mu mun fi son mu tafi ta Ɗa'ifa mu dawo ta ƙasa, zan faɗi dalili a gaba. Ka duba birki da tayoyi kafin ka tashi, ka cika tanki, igamarka (katin izinin zama) da takardun mota su kasance a jikinka don akwai shingen bincike a hanya. Ita hanyar Hada wani lokaci ana rufe ta in hazo ko ruwa ya yi yawa, sai ka zaga ta ɗaya hanyar Ɗa'ifa da ake kira Sail.

Garin Baha yana sama da mita 2,000 daga bakin teku, don haka ko a tsakiyar bazara da daddare sai ka nemi rigar sanyi, ka tafi da ita, yara kam har da hula. In da iyali kuka je ko akwai dattijo a cikinku ku fara da dajin Ragadan, yana dab da gari, an gyara shi da hanyoyin tafiya da wuraren zama a ƙarƙashin itatuwan ar'ar, kana tsaye a bakin dutse kana kallon gajimare a ƙasanka. Amma nan shan iska ne kawai. In ruwa kake nema sai ka nufi dajin Khaira a yankin Bani Hasan arewa da gari, nan ne shallal ɗin da aka fi sani, kuma nan ne za ka ajiye mota ka taka da ƙafa.

To maganar takawar nan ita ce inda nake so in daɗe. Don Allah kar ka je da silifas ko takalmin fata mai sulɓi irin wanda muke sawa da jallabiya zuwa masallaci, ka nemi kambas mai ƙasa mai gargada wanda ya kama ƙafarka sosai. Dutsen da ruwa ke bi yana yin gansakuka, ka ganshi kamar busasshe amma kana ɗora ƙafa sai dai ka ji ka a ƙasa, kuma faɗuwa a kan dutse ba irin faɗuwa a kan yashi ba ce. Inda ka ga dutse ya yi kore ko baƙi yana sheƙi, kauce masa, taka inda ya yi fari-fari ko inda akwai tsakuwa. In za ka tsallaka ruwa kar ka yi tsalle daga dutse zuwa dutse, gara ka shiga ruwan takalminka ya jiƙe, kuma in ruwan yana gudu ya kai gwiwa to a haƙura da tsallakawar. Sanda tana taimako ƙwarai wajen gangara, saboda gangara ta fi hawa cin gwiwa kuma a nan aka fi zamewa. Hannuwanka biyu su zama a sake, kaya a jakar goyo, waya a aljihu sai ka tsaya cak tukunna ka ciro ta. Jallabiya da doguwar abaya suna harɗe ƙafa, maza a sa wando, mata kuma a samu abayar da ba ta jan ƙasa a sa wando mai kauri a ciki. Sannan ka sani iskar can sama ba ta kai ta Jidda kauri ba, za ka ji haki da wuri, ba ciwo ba ne, ka riƙa tsayawa kana hutawa kana kurɓar ruwa. Kowane babba ya riƙe aƙalla lita 2 nasa, ruwan kwarin ba na sha ba ne duk yadda ya yi garai-garai.

Sai babbar magana, sail, wato ambaliyar da ke gangarowa ta cikin kwari. Duk wanda yake Jidda a watan Nuwamban 2009 ya san me ruwa ya yi a unguwar Guwaiza, mutum sama da 100 suka rasu, Allah ya jiƙansu. To a cikin wadi, wato kwari, abin ya fi haka sauri, don ana iya yin ruwan a can saman dutse inda ba ka gani, kai kana ƙasa rana na haska ka, ruwan ya taru ya taho a dunƙule da duwatsu da itace. Ranar da muka je Khaira karo na biyu wani dattijo ɗan yankin ya tarar da mu mun shimfiɗa tabarma a kan wani fili mai yashi a tsakiyar kwari, ya ce "ya waladi ku tashi daga nan, wannan yashin ruwa ne ya kawo shi." Na ce Baba ai gari a washe yake, sai ya nuna min hadarin da ya haɗo a bayan dutse wanda mu sam ba mu lura da shi ba. Muka kwashe kaya muka haura, kuma kafin la'asar an yi ruwa. Tun daga ranar ba na zama a gindin kwari. Alamomin da za ka kula da su, ruwan da yake fari ya fara rikiɗewa ja ko ruwan ƙasa, ganye da ƙirare su fara wucewa, ko ka ji wani ruri daga sama kamar babbar mota na tahowa. Ka ga ɗaya daga ciki ka bar komai ka haura gefen dutse, kar ka gudu ta cikin kwarin don ba za ka tsere masa ba. Mota ma haka, kar ka faka ta a cikin wadi, kar kuma ka tsallaka wadi yana gudu, bayan hatsarin laifi ne da tararsa ke iya kai riyal 10,000. Lambar difa'ul madani ('yan kwana-kwana da ceto) 998, ta motar asibiti 997, ka ajiye su, amma ka sani a cikin kwari sabis yana ɗaukewa, don haka ka gaya wa wani a gida inda za ku da lokacin da za ku fito.

Birai kuwa suna nan garke-garke, irin gwaggon birin nan, sun saba da mutane har sun daina tsoro. Kar a ba su abinci, kar yaro ya riƙe leda a hannu, gilashin mota a rufe. Girki kuma a yi a ƙaramin gas a inda aka tanada, hura wuta a ƙasa ko saran itace a dajin akwai tara, sharar ku kuma ku ƙulle a leda ku fito da ita, raina yana ɓaci in na ga robobi da kwalin shinkafa suna yawo a ruwa mai kyau irin wannan.

Dalilin da ya sa muke dawowa ta ƙasa shi ne ƙauyen Zi Ain, wajen kilomita 24 daga Baha a hanyar Makhwa. Tsohon ƙauye ne na gidajen dutse da aka ɗora a kan wani farin tsauni, a gindinsa akwai idon ruwa da ba ya ƙafewa, shi ke shayar da lambunan ayaba da kadi (wani itace mai fure mai ƙamshi) da lemo, don haka ko kun yi rashin sa'a shallal bai zubo ba a nan dai za ku ga ruwa yana gudu a cikin inuwa. Can ƙasa akwai zafi, a cire rigunan sanyi. Gangarar da za ta kai ku ita ce Akabar Baha, ramukan da hanya ke ratsawa ta cikin dutse sama da 20 da kwana-kwana ba iyaka, ka sa mota a ƙaramar giya ta riƙe kanta, kar ka danne birki tun daga sama har ƙasa ya yi zafi ya ƙi kamawa. Ku sauka da rana tun hazo bai rufe ba, in kun ga masu zumar magarya ko rumman a bakin hanya ku tsaya ku yi tsaraba, azahar da la'asar ku haɗa su kasaru a Makhwa, daga nan hanya shimfiɗaɗɗiya ce har Jidda.