Kafin ka ce ka san halinsa: kurakuran da muka fi yi wajen auna mutane

Mu mutanen zango a Kumasi ta ƙasar Gana mun fi kowa sanin zafin a yanke maka hukunci tun ba ka buɗe baki ba. Yaro ya je neman aiki a Adum, cibiyar kasuwancin gari, ana hira lafiya lau, da ya ce daga unguwannin zango na Aboabo ko Asawase yake sai fuskar mai tambaya ta canza. Mun daɗe muna kuka da wannan, kuma da gaskiyarmu. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne mu ma haka muke yi wa junanmu kullum, a masallaci, a kasuwar Kejetia, a gidan haya, har cikin ɗaki tsakanin miji da mata. Kurakuran da ke biye duk tushensu ɗaya: mukan gama yanke hukunci da wuri, daga nan mu daina tambaya.

Dogaro da fuska

Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Karin maganar tana da gaskiyarta idan ana zancen wanda ka yi shekaru kana gani, kamar uwa da ɗanta. A kan baƙo kuwa fuska tana yawan yi mana ƙarya. A 2006 wasu masana a jami'ar Princeton ta Amurka, Janine Willis da Alexander Todorov, sun riƙa nuna wa mutane hotunan fuskoki na ɗan lokacin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba, suna tambayarsu ko mai hoton abin amincewa ne. Mutanen suka ba da amsa, kuma da aka ƙara musu lokacin kallo amsar ba ta canza sosai ba, sai dai sun ƙara sakankancewa da ita. Wato ƙarin kallo bai ƙara musu sani ba, ƙarfin gwiwa kawai ya ƙara musu.

Inda wannan ya fi cutar da yaranmu shi ne batun ido. Mun tarbiyyantar da yaro cewa idan babba na magana ya sunkuyar da kai. Ya je gaban mai ɗaukar aiki da aka koya wa cewa mai gaskiya ido cikin ido yake magana, sai a ce yaron na ɓoye wani abu. Ya koyi kallon ido a makaranta ya dawo gida da shi, kawunsa ya ce ya fitsare. Yaro ɗaya, hukunci biyu, kuma babu wanda ya dace. Masu ganin suna gane maƙaryaci daga idonsa su ji wannan: Charles Bond da Bella DePaulo sun tattara bincike sama da 200 a 2006, suka tarar mutane na dacewa wajen bambance gaskiya da ƙarya kashi 54 cikin ɗari ne kawai. Wanda ya rufe ido ya yi canke zai samu 50.

Gyaran a nan shi ne ka ɗauki abin da ka ji a ranka a haɗuwar farko a matsayin zato, ka bar shi a haka har ka ga aikin mutum. Idan maganar kuɗi ce ko alkawari, kada ka tsare shi da ido kana jiran ya kifta. Ka tambaye shi rana da wuri da adadi, ka sake tambaya bayan kwana biyu, ka ga ko zancen ya tsaya a inda yake.

Ɗora komai a kan hali

Wannan shi ne babba, kuma shi ya fi raba zumunci. Ka gaida makaniki a Suame Magazine, unguwar makanikai, ya amsa da ka kawai, ka ce girman kai. Maƙwabciya ba ta zo suna ba, a ce tun da ɗanta ya tafi Jamus ta daina ganin mutane da gashi. Direban trotro, wato motar haya, ya daka maka tsawa, ka ce ba shi da tarbiyya. Amma ranar da kai ne ka wuce wani ba gaisuwa, kana da dalili a hannu: kanka na ciwo, mai gida ya ce a biya hayar shekara biyu gaba ɗaya, hankalinka ba ya jikinka. Naka kuskuren yanayi ne ya jawo, na wani kuwa halinsa ne. Laifi tudu ne.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan. A 1967 Edward Jones da Victor Harris sun ba ɗalibai wani rubutu da ke yabon Fidel Castro na Kuba, suka kuma shaida musu cewa umartar marubucin aka yi ya ɗauki wannan ɓangaren, ba zaɓinsa ba ne. Duk da haka ɗaliban suka tafi a kan cewa mutumin yana son Castro a ransa. An gaya musu dalilin a fili, suka tsallake shi suka kama mutumin. Bayan shekara goma Lee Ross ya kira wannan da babban kuskuren da ake yi wajen danganta dalili, kuma sunan ya bi shi har yau.

Ga yadda abin ke faruwa a tsakar gida. Hajiya ta aika wa surukarta tuwo, kwano ya dawo ba saƙon godiya. Kafin magariba labari ya kai gida uku cewa yarinyar ta raina uwar mijinta. Da a ce Hajiya ta leƙa ta ce, "'Yata, lafiya kuwa? Na ji ki shiru," da ta tarar da ita kwance da laulayin ciki wanda kunya ta hana ta faɗa, ƙanwar miji ce ta wanke kwanon ta mayar. Ita kuma yarinyar da ta ce wa ƙanwar, "Ki ce wa Mma na gode, jikina ne ba daɗi," da an huta. Kalma biyar zuwa goma ke nan daga kowane ɓangare, amma rashinsu na iya cin shekara ana gaba.

Abin yi kafin ka ce "haka halinsa yake" shi ne ka tambayi kanka abu biyu. Shin haka yake yi wa kowa, ko ni kaɗai, ko yau kaɗai? Kuma da ni ne a inda yake, cikin wannan rana, da wannan bashi a wuya, me zan yi? Idan abin ya ci gaba da damunka, je ka same shi shi kaɗai, ka faɗi abin da ka gani ba fassarar da ka yi masa ba. "Yaya, na gaishe ka jiya a bakin masallaci ba ka amsa ba, na ce ko lafiya" ƙofa ce a buɗe. "Yaya, na ga yanzu ka fi ƙarfinmu" kuwa faɗa ne, ko da murmushi aka faɗe shi. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta ce a nisanci da yawa daga zato domin wani sashensa zunubi ne. Kowa ya haddace ta, aiki da ita ne ke wuya da zarar an taɓa mu.

Kuɗin goro

Wanda ke wajen zango yana ganinmu abu ɗaya. Mu da ke ciki mun san akwai Hausawa, Mosawa, Dagwamba, Wangarawa, Zabarmawa, Fulani, Kotokoli, Yarabawa da sauransu, kuma kowace ƙabila akwai abin da ake faɗa a kanta idan ba ta wurin. Wasu an ce rowa, wasu zafin rai, wasu ba a ba su amana. Da yawa cikin wannan wasa ne, amma ranar neman aure ko neman ɗakin haya sai wasan ya zama hujja.

Ya kamata a ce mu ne na ƙarshe da za su yi wannan. A Nuwamban 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardun zama makonni biyu su bar ƙasar, kuma cikin waɗanda suka kwashe kaya har da mutanen da aka haifa a nan, ba su san wata ƙasa ba. A 1983 Najeriya ta yi irin nata, 'yan Gana masu ɗimbin yawa suka dawo da kayansu a ka. Duk biyun ba a tambayi kowa halinsa ba, an duba daga ina ya fito ne kawai.

Harshe ma yana shiga ciki. Ɗan kasuwa ya zo daga Kano ya ji mutumin Kumasi ya ce "matana ya zo", sai ya yi dariya ya sa shi a sahun marasa ilimi, alhali mai maganar yana jin Turanci da Tuwi, harshen Asante, da Larabci, wataƙila da Dagbani. Hausar Gana ba ta cika bambance namiji da mace ba, haka ta ginu, ba alamar ƙarancin hankali ba ce. Mu kuma mu juya mu yi wa yarinyar da ta zo daga arewa tana dakon kaya a Kejetia irin wannan rainin, mu yi mata magana da tsawa kamar kurma don Hausarta ba ta nuna ba. Maganin kuɗin goro shi ne idan ka ji bakinka ya fara "ai su dama", ka tsaya ka lissafa mutum nawa ka yi hulɗa da su da kanka cikin "su" ɗin. Sau da yawa biyu ne ko uku, ɗayansu ma labarinsa ka ji.

Kyau ɗaya ya rufe komai

Wannan kuskuren ta ɓangaren yabo yake zuwa, shi ya sa ba a ganinsa. Tun 1920 Edward Thorndike ya lura cewa hafsoshin soja idan suka yaba wa soja a abu ɗaya, kamar tsayi da kyan tsayuwa, sukan ba shi maki mai yawa a hankali da jagoranci da riƙon amana ma. Mu namu ma'aunin shi ne sahun gaba, farar riga mai guga, carbi, da iya jan aya. Duk abubuwa ne masu kyau, sai dai babu ɗayansu da ke nuna mutum ya iya riƙe kuɗin adashi ko zai kyautata wa 'yarka. Idan amanar kuɗi za ka ba shi, tambayi waɗanda suka taɓa bin sa bashi. Idan aure ne, a tambayi maƙwabtan da suke jin muryarsa ta bayan katanga.

"An ce"

A 1950 Harold Kelley ya raba wa ɗalibai takarda mai bayanin wani baƙon malami kafin ya shigo aji. Takardun iri ɗaya ne, sai dai a rabi an ce mutum ne mai fara'a, a rabi an ce ba shi da sakin fuska. Malami ɗaya, darasi ɗaya, aji ɗaya. Bayan ya fita, waɗanda aka ce wa mai fara'a ne suka yabe shi, kuma su suka fi yi masa magana a lokacin darasin. Sauran suka ga mutum mai ji da kai.

Abin tsoro a nan shi ne zaton yakan haifi abin da ake zato. An gaya maka sabon maƙwabci ba ya son mutane, sai ka gaishe shi a daƙile. Shi kuma ya ga ka ɗaure fuska ya ja jikinsa. Ka dawo ka ce wa wanda ya ba ka labari, "Wallahi gaskiyarka." Ba ka san kai ka dasa abin da ka girba ba. Idan aka kawo maka labarin mutum kafin ka gan shi, tambayi mai labarin ko da idonsa ya gani, kuma me ya taɓa haɗa su. Sannan ka yi wa mutumin cikakkiyar gaisuwa irin wadda za ka yi da ba ka ji komai ba, ka ga da me zai amsa.

Waya ta ƙara dagula wannan. Saƙon WhatsApp ba shi da murya, mai karantawa ne ke sa masa irin muryar da ke ransa a lokacin. "To" kawai daga ƙanin da ke Italiya na iya zama raini, ko gajiya bayan aikin dare, ko dai "to" ɗin ce ba wani abu. Shuɗin layi biyu kuma ba shaida ba ne cewa an share ka. Duk maganar da za ta iya ɓata rai, a kira, ko a yi saƙon murya.

Barin mutane cikin duhu

Akwai kuskuren da ke wuyan wanda ake yi wa zaton. Wasu na cewa "Allah ya san zuciyata" su bar mutane da abin da idonsu ya gani. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) yana i'itikafi, ya fito da dare zai raka matarsa Safiyya, sai wasu mutum biyu daga Ansar suka gan su suka ƙara sauri. Ya tsayar da su ya shaida musu cewa Safiyya ce. Babu wanda ya tuhume shi, amma bai bar wa shaiɗan ƙofa ba. Maƙwabtanmu Asante suna da wata al'ada mai kyau a nan: baƙo ya zauna, an ba shi ruwa, sai a tambaye shi abin da ke tafe da shi ko da an sani, ya faɗa da bakinsa kowa ya ji. Idan za ka makara, aika. Idan ba za ka samu zuwa jana'iza ko ɗaurin aure ba, faɗi dalili tun kafin a ƙirƙira maka wani.

Sai dai kada a ɗauki kyautata zato a matsayin sakaci. Addinin da ya hana mugun zato shi ne ya yi umarni, a aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, cewa a rubuta bashi a kafa shaidu. Wanda zai karɓi kayanka a Alabar ya ce sai ƙarshen wata, ka sake masa fuska, ka ba shi kujera da ruwa, sannan ka ɗauko littafi da biro ku sa hannu gaban mutum biyu. Idan ya ce, "Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" ka ce masa ka yarda, amma daga kai har shi babu wanda ya san wanda zai kai ƙarshen watan, kuma magada ba su san fuskar kowa ba.