Abin yi idan kyamarar laptop ta tsaya cak ana kiran bidiyo

Babu abin takaici kamar kana tsaka da bayani a Zoom, fuskarka ta daskare, su kuma can suna ta kiran sunanka.

Da farko, gano mai laifi. Fita daga kiran, ka buɗe manhajar Camera ta Windows, ka ɗaga hannu. In hoton yana motsi lafiya, kyamara lafiya lau take, matsalar daga intanet ce ko manhajar kira. Kashe HD (saitin da ke ƙara ingancin hoto) da hoton bayan fage a saitin Zoom, sannan ka matso da wayar da ke ba ka hotspot kusa da taga.

Na biyu, rufe duk abin da ke iya riƙe kyamarar: Teams, WhatsApp, ko shafin Google Meet da ka manta a Chrome.

Na uku, sa caja. Wannan mutane ke rainawa. Da an ɗauke wuta, laptop ya koma kan batir sai ya rage gudu don tanadin caji, bidiyo kuwa aiki ne mai nauyi. Haka ma zafi: ɗauke shi daga kan katifa ko cinya, ka aza a tebur, iska ta samu mashiga.

In har yanzu shiru, shiga Device Manager, wato sashen Windows mai nuna jerin na'urorin kwamfutar, ka buɗe Cameras, ka danna dama a kan sunan kyamarar, ka zaɓi Uninstall device. Kashe kwamfutar ka kunna, Windows zai sake ɗora direban, wato manhajar da ke sarrafa kyamarar, da kansa.

Idan kuwa hoton yana ɗaukewa ne duk lokacin da ka taɓa murfin, mai yiwuwa siririyar wayar kyamara da ta bi ta mahaɗar allo ce ta saki. Kai wa mai gyara.