Girkin oyakodon a gida: shawara ga waɗanda suka sauka Japan

Duk wanda ya sauka Japan domin karatu ko aiki zai tarar da cewa ɗakin girkin da ke cikin gidan haya bai wuce wani ɗan lungu a bakin ƙofa ba, sau da yawa da murhu guda ɗaya tak, na gas ko na lantarki, da wurin wanke-wanke wanda babbar tukunya ba za ta zauna a cikinsa ba. A irin wannan wuri, girkin da muka saba da shi na suya mai yawan mai da miyar da ke daɗewa a wuta yana da wahala, domin hayaƙi yana iya tayar da ƙararrawar gobara, sannan ba a zuba ragowar mai a magudanar ruwa. Saboda haka nake ba sababbin zuwa shawarar su fara koyon oyakodon, wato shinkafa da ake ɗora wa kaza da ƙwai da albasa waɗanda aka dafa tare cikin romo. Ba ya buƙatar mai ko kaɗan, kasko ɗaya ya ishe shi, kuma idan shinkafa ta nuna, sauran aikin bai wuce minti 15 ba. Abinci ne da ya daɗe a ƙasar, har ana danganta asalinsa da gidan abinci na Tamahide da ke unguwar Ningyocho a Tokyo, wajen shekarar 1891.

Babban dalilin da ya sa ya fi kyau Musulmi ya girka shi da hannunsa shi ne abin da ake zubawa a romon. A gidajen abinci, bayan batun yankan kazar, akan sa mirin, wani ruwa mai zaƙi da ake yi da shinkafa, wanda na ainihinsa yana ɗauke da barasa kusan kashi 14 cikin 100. Akwai wani nau'in da barasarsa ba ta kai kashi 1 ba, amma a gida babu abin da ya wajabta ko ɗaya daga cikinsu, domin sukari yana maye gurbinsa. Shi ma shoyu, wato ruwan waken suya mai gishiri, kamfanoni da yawa suna ƙara masa barasa don kada ya lalace, haka nan romon kwalba da ake kira mentsuyu. Don haka ya kamata mutum ya haddace wasu alamomi tun makon farko, ya riƙa neman su a bayan kwalba ko leda: 酒 da 酒精 da アルコール suna nufin barasa, みりん shi ne mirin, 豚 kuma alade. Ana samun shoyu mai tambarin halal a shagunan Musulmi da kuma ta intanet. Hukuncin 'yar barasar da ke samuwa da kanta wajen tsima shoyu kuwa, malamai sun yi saɓani a kansa, kuma wannan tambaya ce da ya dace a kai wa limamin masallacin da ke kusa.

Kazar halal ba ta da wuyar samu kamar yadda mutane ke tsoro. Kantunan Gyomu Super, waɗanda ke da rassa a faɗin ƙasar, sukan sayar da daskararriyar cinyar kaza daga Brazil mai tambarin halal, sai dai a duba kowace leda, don ba duka ne ke da shi ba. A Tokyo akwai shagunan Musulmi a jere kusa da tashar jirgin Shin-Okubo, akwai kuma kantin halal a masallacin Tokyo Camii da ke Yoyogi-Uehara. Cinya ake so, ba ƙirji ba, saboda ƙirji yana bushewa nan da nan. A nan ne kuma ya dace in ja kunnen masu shirin tahowa: kada a ɗauko kilishi ko dambun nama a jaka, domin dokar Japan ta hana shigo da kayan nama ba tare da takardar izini ba, kuma tun 2020 tarar tana iya kai yen miliyan 3.

Ginshiƙin ɗanɗanon shi ne dashi, wato romon da ake dafa kazar a ciki. Ana jiƙa giram 10 na kombu, wani busasshen ganyen teku, a lita ɗaya ta ruwa na rabin awa, a ɗora a wuta, a tsame ganyen kafin ruwan ya tafasa, sannan a zuba giram 20 na katsuobushi, wato kifi mai banda da aka busar aka fere shi siriri, a kashe wuta, a bar shi minti biyu a tace. Wanda ba shi da lokaci yana iya sayen na gari, bayan ya karanta abin da ke ciki. Ɗanɗanon ba zai zama baƙo ga Bahaushe ba, domin daga kombu ne masani Kikunae Ikeda ya fitar da sinadarin da ke ba da wannan ɗanɗano a 1908, wanda daga baya ya zama Ajinomoto, farin magin da ake sayarwa a kasuwanninmu.

Shinkafar Japan gajera ce mai danƙo, ta fi kama da shinkafar tuwo fiye da ta dafa-duka, kuma danƙon ne ke riƙe romon kada ya tsiyaye ƙasan kwano. Kofin da ke zuwa da tukunyar lantarki ta dafa shinkafa yana ɗaukar mililita 180, kusan giram 150, wanda zai ishi mutum ɗaya mai jin yunwa sosai. A wanke ta sau biyu ko uku, a cika ruwa daidai layin da ke jikin tukunyar, kuma ba a sa mata gishiri ko mai.

Ga mutum ɗaya, a zuba dashi mililita 100 a ƙaramin kasko, da babban cokali ɗaya na shoyu, da ƙaramin cokali ɗaya ko biyu na sukari. Harshen da bai saba da zaƙi a nama ba gara ya fara da cokali ɗaya. A yanka rabin ƙaramar albasa siriri a shimfiɗa a ciki, a jera giram 120 na kaza da aka yanka ƙanana a kai, a bar su su dahu a matsakaiciyar wuta na minti biyar zuwa shida, har cikin naman ya yi fari gaba ɗaya.

Ƙwan shi ne inda hannu ke nuna kansa, kuma a nan ne yawancinmu ke kuskure, saboda mun saba kaɗa ƙwai har ya yi kumfa. Ƙwai biyu ake fasawa, a ratsa su da cokali sau kaɗan kawai, ta yadda za a riƙa ganin farin daban da gwaiduwar. Yayin da romon ke ɗan tafasa, sai a zuba kashi biyu cikin uku, ana farawa daga tsakiya ana zagayawa zuwa gefe, a rufe na kusan minti ɗaya ba tare da an juya ba. Idan an buɗe za a ga farin ya fara kamawa yana lulluɓe kazar, gefen kaskon yana ɗan motsi. Sai a zuba ragowar, a sake rufewa, a kashe wuta, zafin da ya rage ya ƙarasa aikin. Daga nan a karkata kaskon, a zame abin da ke ciki gaba ɗaya a kan shinkafa mai zafi cikin kwano mai zurfi.

Mutanen ƙasar suna son ƙwan da laushi, bai gama kamawa ba, kuma ranar da aka buga a jikin kwalin ƙwai a Japan tana nuna wa'adin da za a iya cin sa ɗanye matuƙar yana cikin firji. Wanda ƙarni ke damunsa, da mai juna biyu, da ƙananan yara, a ƙara musu minti ɗaya a wuta, haka kuma idan ranar ta wuce. Mai son yaji ya barbaɗa shichimi, garin barkono mai haɗin kayan ƙamshi bakwai, ko ichimi wanda barkono ne zalla. Idan baƙi sun zo, ya fi kyau a yi wa kowa nasa ɗaya bayan ɗaya, ko na mutum biyu a lokaci guda idan kaskon yana da faɗi, domin idan aka tara na mutum huɗu a wuri ɗaya, gefen zai bushe tun tsakiyar ba ta kama ba.