Yadda za ka gane ko ɗingishin injin halittarsa ce ko misin yake

Kafin ka ce wa bakanike ya sauya fulogi don kana zaton injin misin yake, wato wata silinda na tsallake wuta, fara yin wannan ɗan lissafin. Injin mota sai karanshaf, ƙarfen da fistin ke juyawa, ya juya sau biyu, wato digiri 720, sannan kowace silinda ta samu wuta sau ɗaya. To ka raba 720 da yawan silindar. Mai huɗu zai ba ka 180, mai shida 120, mai takwas 90. In wutar na faɗowa daidai kan wannan tazarar, shi ne injin mai wuta daidai, kuma ai kusan duk motocin da ke titinmu haka suke, Corolla, Golf, Camry, har Sienna mai V6. Kada ka haɗa wannan da 1-3-4-2 ɗin da ake haddacewa a gareji fa, shi wancan layin wa zai fara wa zai biyo ne.

In injin V ne, duba buɗewar V ɗin, wato kusurwar da ke tsakanin layukan silinda biyun, don nan ake samun matsalar. Kamfanin motocin Buick na Amurka sun fito da V6 a 1962 da buɗewar digiri 90 irin ta V8, fistin biyu na kan hannun karanshaf ɗaya, sai wutar ta dinga zuwa 90, 150, 90, 150, injin sabo fil amma a silo yana rawa kamar mai jin sanyi. Sai 1977 suka raba hannun karanshaf ɗin, tazarar wutar ta koma 120. V6 ɗin haɗin gwiwar Peugeot, Renault da Volvo, na cikin motar Peugeot 604, shi ma haka ya fara.

Sannan ka kasa kunne a bakin salansa. Na halitta kiɗansa ba ya canzawa, ɗingishin iri ɗaya ne kullum, kuma kana taka totur zai ja lafiya lau. Mai misin kuwa yana yi yana bari, ga warin ɗanyen fetur, ga rashin ƙarfi a hawa, wannan kam duba fulogi da kwayil da nozul. Subaru ma mutane na mata kuskuren fahimta, gurnaninta daga bututun hayaƙi ne da tsawonsu bai zo ɗaya ba, wutarta daidai take.

In kuma tsohon V6 mai digiri 90 ne a hannunka, ka tabbatar wane iri ne, mai wuta daidai ko mai 90 da 150, kafin ka shiga kasuwar kayan gyara, don distiribita da karanshaf na wannan ba sa yi wa wancan.