Takardar Juri Ta Iso: Kurakuran da 'Yan'uwa Ke Yi a Bronx, Tun Daga Ambulan Har Hawa Bas

Duk wanda ya zama ɗan ƙasa a Amurka, ko ba daɗe ko ba jima takarda na iya zuwa masa daga kotu ana kiransa aikin juri, wato ya zauna cikin mutanen gari da ke sauraron shari'a su yanke ko wanda ake tuhuma yana da laifi. Mu da muka tashi a Najeriya ba mu saba da wannan ba, domin can alƙali ne ke saurare, shi ke yankewa. Shi ya sa gaban mutum ke faɗuwa da ya ga tambarin kotu. Kwantar da hankalinka, ba ƙararka aka kai ba. Sunanka ne ya fito daga jerin masu rajistar zaɓe, ko masu lasin tuƙi, ko masu biyan haraji. Maganata a kan jihar New York take, musamman Bronx inda Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya suke da yawa. Kowace jiha da nata tsarin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a cusa takardar cikin durowa a ce ai za su manta. Ba sa mantawa. Takardu biyu ne: ta farko tambayoyi ce don a ga ko ka cancanta, ta biyu sammaci ne mai ɗauke da rana da wuri. Dukkansu sai an amsa, kuma wanda ya yi biris ana iya cin tararsa har dala 250, sannan aikin yana nan yana jiransa. In ranar ta faɗo kan tafiya gida ko aikin Hajji, akwai hanya mai sauƙi: kana da damar ɗage ranar sau ɗaya, ta waya ko intanet, ka zaɓi wata tsakanin wata biyu zuwa shida nan gaba. Ka nema aƙalla mako guda kafin ranar.

Na biyu ya fi tayar mini da hankali. Takardar tambayoyin takan je wa wanda ba ɗan ƙasa ba, saboda mai katin zama na dindindin ma yana da lasin tuƙi, yana biyan haraji. Wani sai ya yar da ita. Wani kuma, don gaggawa ko don yaro ne ya cike masa, sai a saka "eh" a gurbin da ake tambayar ko shi ɗan ƙasa ne. Don Allah kada a yi wasa da wannan gurbin. Da'awar zama ɗan ƙasa a takardar hukuma alhali ba haka ba ne tana iya lalata wa mutum neman zama ɗan ƙasar gaba ɗaya. Ka faɗi gaskiya, ka haɗa da kwafin shaidar da suka nema, ka mayar musu.

Sai batun wuri. Mutum ya ji "kotu" sai ya nufi wadda ya sani. A Bronx akwai tsohon gini a lamba 851 Grand Concourse, akwai kuma Hall of Justice a 265 East 161st Street, da 'yar tafiya tsakaninsu. In kuwa sammacin daga kotun tarayya yake, mai yiwuwa Manhattan za ka, 500 Pearl Street, tafiya ce daban. Karanta adireshi da lambar ɗaki. Duba kuma ko an ce ka buga waya da yammacin jajiberin ranar, domin wasu na jiran ko-ta-kwana ne, sai saƙon ya faɗa ko lambarsu za ta zo. Mutane kan kashe kuɗin mota su rasa aikin yini a banza don ba su yi wannan kiran ba.

Yanzu bas, inda mai kyakkyawar niyya ma kan makara. Yawancinmu muna auna tafiya da yadda muka saba yin ta, direban tasi da tsakar dare, mai aikin jinya da asuba. Hanyar ƙarfe takwas na safe ba ita ce waccan ba. 'Yan makaranta sun cika mota, ana tsayawa a kowace tasha, bas na iya wuce ka a cike bai buɗe ƙofa ba. Bayan ka sauka kuma akwai layin bincike a ƙofar kotu, kuma lokacin da aka rubuta a takarda na zamanka a ɗaki ne, ba na isowarka bakin titi ba. Shawarata, ka ƙara rabin sa'a kan abin da waya ta nuna maka, kuma ka yi niyyar bas ɗin da ke gaban wanda kake ganin zai ishe ka.

Bas masu lamba Bx1 da Bx2 suna bin titin Grand Concourse, Bx6 kuma tana bin titin 161. Amma a kula, mai rubutun Limited ko Select Bus Service ba ta tsayawa ko'ina, sai ka duba ko tasharka na cikin nata. Kowace tasha tana da lamba a jikin allonta. Tura ta a saƙon tes zuwa 511123 a gaya maka inda motar take. In ka ga tazarar ta yi yawa, kada ka tsaya jiran gawon shanu: jiragen ƙasa 4 da B da D suna tsayawa a 161st Street-Yankee Stadium, daga nan ƙafa ce. Bas ba ya karɓar kuɗin takarda, don haka ka riƙe katin banki ko waya ko katin OMNY, wato katin biyan kuɗin bas da jirgi na birnin. Kuskure ƙarami mai cin kuɗi: a taɓa waya a bas, a taɓa kati a jirgi. Canjin mota kyauta cikin sa'a biyu sai da abu ɗaya yake aiki. Kotun jiha ba ta biyan kuɗin mota, daga aljihunka ne. Ranar da ƙungiyar wasan baseball ta Yankees ke wasa a filinta da ke kusa da kotun kuwa, komawa da yamma sai haƙuri.

A bakin ƙofa, 'yar wuƙar da ke jikin makulli ko almakashi za su tsayar da kai, bar su a gida. Hijabi da hula ba matsala. In kana son zuwa Juma'a, faɗa wa ma'aikacin ɗakin tun da safe, ko alƙali idan an zaɓe ka, kada ka sulale ka fita. Haka batun Turanci: in ba ka fahimta sosai, ka je ka faɗa da bakinka, su za su tantance. Amma ina roƙon wanda yake ji da kyau kada ya fake da wannan. Yaran unguwarmu suna tsayawa gaban waɗannan kotuna, kuma doka ta ce a cikin mutanen gari ake zaɓo masu sauraronsu. Mu ma mutanen garin ne.

Wasu na tsoron rasa aiki. Dokar jihar ta hana maigida korar ma'aikaci ko hukunta shi saboda juri, in dai ya sanar da wuri, don haka nuna masa sammacin da zarar ya zo. Kuɗin yini da ake biyan mai aikin juri, wanda ya daɗe a dala 40, ya koma 72 a shekarar 2025, kuma ba a hannu ake bayarwa ranar ba, sai daga baya.

Idan ka shiga shari'a, bakinka alaikum. Ba a ba maiɗaki labari, ba a sa shi a zauren WhatsApp, ba a binciken sunan wanda ake tuhuma a Google. Abu kaɗan irin wannan na iya rushe shari'ar da aka yi kwanaki ana yi. Wanda kuma ya bugo maka waya ya ce ka ƙi zuwa juri, ka biya tara yanzu ta katin kyauta ko a kama ka, ɗan damfara ne. Kotu ba ta karɓar kuɗi ta haka. Kashe wayar ka kira lambar da ke jikin sammacinka.

In an sallame ka, karɓi takardar shaidar ka yi aikin, ka ba wurin aikinka kwafi, ka adana ta asali. A ƙa'ida kotun jiha ba za ta sake kiranka ba sai bayan shekara 6, kuma in wani sammaci ya zo kafin nan bisa kuskure, ita za ka nuna.